Tsirar da Ganyen Tafarnuwa a cikin Ruwa: Abin da Yake Yiwuwa da Wanda Ba Ya Yiwuwa

A 'yan shekarun nan, tun da hotunan tafarnuwa mai tsiro a cikin tambulan na ruwa suka fara yawo a wayoyin mutane, magana a kanta ta yawaita, ta kuma rarrabu, har ya zamana mai neman haƙiƙanin al'amarin bai san wanda zai saurara ba. Waɗansu suna cewa an samo hanyar noman tafarnuwa ba gona, ba taki, ba wahala, har mai ɗaki ɗaya a gidan haya yana iya wadata kansa ya kuma kai saura kasuwa. Waɗansu suna cewa ruɗi ne kawai, domin tsiro ba ya rayuwa sai da ƙasa. Waɗansu kuwa, musamman uwayen gida, sun tashi da jin cewa tafarnuwar da ta yi toho ta lalace, ko ma ta zama dafi, saboda haka da zarar sun ga kore ya leƙo ta kanta sai su zubar. Asalin wannan ruɗani, a ganina, shi ne an cakuɗa ayyuka biyu waɗanda ba ɗaya ba ne, aka kira su da suna guda, sa'an nan aka jingina wa ƙaramin fa'idar da babban ne kaɗai yake iya bayarwa.

Ta'arifin kalmomi

Tafarnuwa dunƙule ce wadda ta ƙunshi ƙwayoyi da yawa, kowace ƙwaya da ɓawonta, da kai mai tsini, da gindi mai tauri wanda saiwa take fitowa daga gare shi. Abin da ake nufi da ganyen tafarnuwa a nan shi ne koren tohon da yake fitowa ta kan ƙwayar, wanda ya bambanta da lawashi, watau ganyen albasa, ta wajen cewa lawashi yana da rami a cikinsa, shi kuwa wannan shimfiɗaɗɗe ne mai faɗi. Kada a haɗa shi da karan furen da waɗansu irin tafarnuwa na ƙasashen sanyi suke fitarwa in sun kusa ƙosawa, wanda shi ma ana cinsa, amma ba a samunsa daga ƙwayar da aka ajiye a ruwa.

Kalmar haidirofonik kuwa baƙuwa ce, an ƙera ta daga kalmomi biyu na Girkanci, ɗaya tana nufin ruwa, ɗayar tana nufin aiki, kuma ma'anarta a wurin masana ilmin tsirrai ita ce rainon tsiro ba tare da ƙasa ba, a cikin ruwan da aka narkar da ma'adinan da tsiro yake bukata a ciki, bisa ma'auni sananne. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ginshiƙin ta'arifin. Wanda ya ɗauki ƙwayar tafarnuwa ya tsoma gindinta a ruwan famfo zalla bai cika shi ba, abin da ya yi sunansa tsirarwa, kuma da waɗannan sunaye biyu za a rarrabe ayyukan biyu a cikin wannan sharhi.

Asalin al'amarin

Rainon tsiro a ruwa ba sabon abu ba ne, ko da yake ana tallarsa kamar jiya aka gano shi. A shekarar 1699 wani likita ɗan Ingila mai suna John Woodward ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi na rainon na'ana'a a cikin ruwa iri-iri, inda ya tarar wadda aka sa a ruwan da aka dama ƙasa a ciki ta fi wadda aka sa a tsabtataccen ruwa girma nesa ba kusa ba, abin da ya nuna ruwa kaɗai ba ya ciyar da tsiro. Wajen shekarar 1860 malamai biyu Jamusawa, Julius von Sachs da Wilhelm Knop, suka tabbatar da cewa in an narkar da waɗansu gishirai sanannu a ruwa, tsiro yana iya girma har ya yi iri bai taɓa ƙasa ba. Sunan haidirofonik bai bayyana ba sai a 1937, ta hannun William Gericke na Jami'ar Kalifoniya a Amurka, wanda ya yi ta yayata cewa wannan hanya za ta sauya noma baki ɗaya. Amma a 1938 abokan aikinsa biyu, Dennis Hoagland da Daniel Arnon, suka fitar da wata ƙasida wadda ta bayyana haɗin ma'adinan dalla-dalla, ta kuma rage zafin maganar, domin sun nuna cewa in aka daidaita haske da kulawa, amfanin da ake samu a ruwa bai ɗara na ƙasa mai kyau ba. Watau tun ranar da aka raɗa wa abin suna ake jayayya tsakanin masu zuzutawa da masu aunawa.

Tsirar da tafarnuwa a faranti kuwa al'ada ce ta gidajen ƙasar Sin, wadda ita ce take noma fiye da kashi 70 cikin 100 na tafarnuwar duniya. A arewacin ƙasar, inda sanyi yake hana lambu tsawon watanni, mata sukan ɓare ƙwayoyin, su jera su a tsaye cikin faranti, wani lokaci su tsire su da zare ko waya domin kada su faɗi, su zuba ruwa kaɗan, su ajiye a bakin taga, suna yankan ganyen suna soyawa da ƙwai ko nama. Suna ma da wani nau'i da ake tsirarwa a cikin duhu, ganyen ya fito rawaya mai laushi. Abin lura shi ne su ba su taɓa ɗaukar wannan a matsayin noman tafarnuwa ba. Hanya ce ta samun ɗan kore a lokacin da babu shi.

Daga ina ganyen yake samun abincinsa?

Wannan ita ce mas'alar da in an fahimce ta, sauran duk sun warware. Galibin tafarnuwar da ake nomawa a duniya ba ta yin iri mai tsirowa, da ƙwayarta ake shuka ta, saboda haka Allah cikin hikimarsa ya halicci ƙwayar a matsayin ganye guda da ya kumbura ya cika da abinci, ya kewaye ɗan tohon da yake kwance a tsakiyarsa. Duk wanda ya tsaga ƙwayar da ta daɗe a ajiye zai ga wannan toho a ciki, fari ko kore. Albasa kusan kashi 90 cikin 100 nata ruwa ne, alhali ruwan tafarnuwa bai wuce kamar kashi 60 ba, ragowar kuwa galibinta wani nau'in sukari ne na ajiya, tare da ma'adinai da sinadarai masu kibiritu, watau farar wuta, waɗanda su ne asalin warinta. Wannan ajiya guzuri ne da aka ɗaure wa tohon domin ya yi tafiyar farko kafin saiwarsa ta kama ƙasa ta fara nema da kanta.

To, idan aka tsoma gindin ƙwayar a ruwa, abin da ruwan yake yi shi ne ya tashe ta, saiwa ta fito cikin kwana biyu ko uku, toho ya biyo baya, ya riƙa miƙewa yana cin abin da aka tanadar masa. Gaskiya ne da zarar ganyen ya yi kore ya samu haske, yana haɗa wani sukari da kansa daga iska da ruwa, amma naitirojin, da fosforas, da fotasiyam, da kalsiyam, da ƙarfe, da sauran ma'adinan da ake gina sabon ganye da su, ba a samo su daga haske, kuma ruwan sha ba ya ɗauke da su gwargwadon bukata. Saboda haka duk ganyen da aka yanke aka kai tukunya ya tafi da wani kaso na ajiyar wanda babu mai mayar da shi. Wannan ne dalilin da ya sa yankan farko yake fitowa kauri mai ƙanshi, na biyu ya fito siriri, na uku in ya samu ya zama koɗaɗɗe, ƙwayar kuwa ta yanƙwane ta zama fanko. Mutane da yawa in sun ga haka sai su zaci sun yi kuskure ne, ko ruwansu ba shi da kyau, alhali kuwa guzurin ne ya ƙare, kuma babu dabarar da za ta hana shi ƙarewa muddin ruwa zalla ake ba shi.

Akwai wani abu kuma da yake sa waɗansu su yanke ƙauna tun da wuri, watau su ajiye ƙwaya mako guda ba ta motsa ba. Tafarnuwar da ba a daɗe da cirewa daga gona ba tana cikin wani hali na barci wanda yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, kuma abin da yake saurin farkar da ita shi ne sanyi matsakaici, kamar daga digiri 5 zuwa 18 a ma'aunin Salshiyas. Har wa yau waɗansu manyan 'yan kasuwa na ƙasashen waje sukan yi wa tafarnuwa magani ko su haska ta da wani haske domin kada ta yi toho a hanya, irin wannan kuwa tana iya ruɓewa a ruwa ba ta tsiro ba. Mafi dacewa ita ce tafarnuwar gida wadda ta kwana biyu a ajiye, musamman wadda ta riga ta fara leƙo da kore, watau daidai wadda aka saba zubarwa. In ta ƙi motsi, a sa ta a ƙasan firji mako biyu, a sake gwadawa.

Yadda ake yi, da dalilin kowane mataki

A zaɓi ƙwayoyi manya masu tauri, domin girman ajiya shi ne girman ganye, a ware duk mai taushi ko tabo ko fumfuna. A jera su gindi a ƙasa cikin ƙaramin faranti ko tasa, a matse su yadda za su tokare juna, ko a soke ƙwaya da tsinken sakace a ɗora a bakin kwalba. Sa'an nan a zuba ruwa, kuma a nan ne mafi yawan masu gwadawa suke ɓata aikinsu: ruwan gindin kaɗai zai taɓa, kada ya haura jikin ƙwayar, domin naman tafarnuwa yana numfashi, in aka nutsar da shi sai ya ruɓe ya yi ɗoyi cikin 'yan kwanaki. Idan saiwa ta yi tsawo, a ƙara rage ruwan har ya zamana ita kaɗai take ciki, wani sashenta ma yana waje yana shan iska.

A canja ruwan kowace rana, ko aƙalla bayan kwana biyu. Ruwan famfon da yake da warin magani a bar shi ya kwana a buɗe kafin a zuba, ruwan zartsi kuwa a guje shi. A ajiye farantin inda haske yake shigowa sosai amma ranar tsaka ba ta dukansa. Cikin kwana 10 zuwa 14 ganyen yakan kai tsawon santimita 15 zuwa 20, sai a yanka da almakashi mai tsabta a bar kamar santimita 3 zuwa 5 a kan ƙwayar domin ya sake toho. A wanke shi kafin a ci, a kuma zuba shi a ƙarshen girki, domin ƙanshinsa mai sauƙi ne, doguwar wuta tana kashe shi. Yana shiga wainar ƙwai, da dambu, da fate, da kwaɗo, da duk inda lawashi yake shiga.

Inda ra'ayoyi suka saɓa

Saɓani mafi girma shi ne ko ana iya samun dunƙulen tafarnuwa ta wannan hanya. Amsar ita ce a faranti da ruwa zalla ba ya yiwuwa, kuma hoton da ya nuna haka bai faɗi gaskiya duka ba. Dunƙule ba ya samuwa sai tsiron ya yi watanni yana tara abinci ta ganyensa yana turawa ƙasa, sai kuma ya samu sanyi a farkon rayuwarsa wanda zai sa shi rarrabuwa zuwa ƙwayoyi. Shi ya sa manoman tafarnuwa na Sakkwato, irin su na Wurno, suke shuka ta a farkon hunturu su cire bayan wata huɗu zuwa biyar, a ƙasashen sanyi kuwa takan yi wata takwas ko tara a ƙasa. Wanda yake yankan ganye yana yanke abin da zai gina dunƙulen ne, saboda haka ba a haɗa buri biyun a tsiro guda. Da haidirofonik na haƙiƙa, mai cikakkun ma'adinai da tsakuwa ko makamancinta da za ta riƙe dunƙulen sama da ruwa, an yi nasarar ƙosar da tafarnuwa, amma abu ne mai cin lokaci da kuɗi, kuma da wuya ya yi gogayya da fadama wajen araha.

Na biyu, ko ƙara taki a ruwan yana da amfani. Masu cewa yana da shi sun yi gaskiya, da sharaɗin ya kasance takin da aka haɗa musamman domin ruwa, wanda yake narkewa sarai, a kuma tsarma shi ƙwarai, a tsare tsamin ruwan tsakanin 5.5 da 6.5 a ma'aunin da masana suke kira pH, wanda yake nuna ko ruwa ya karkata wajen tsami ko wajen kanwa. Da haka ganye yakan daɗe yana fitowa. Akwai ma wata hanya da Bernard Kratky na Jami'ar Hawai ya yaɗa, wadda ba ta bukatar injin tura ruwa ko wutar lantarki: ana rataye tsiron a murfin mazubi mai duhu, yana shan ruwan yana raguwa, sararin da ya buɗe tsakanin murfi da ruwa ya zama wurin numfashin saiwa, kuma ga ƙasashen da wuta ba ta tsayawa wannan ita ce mafi dacewa a fara da ita. Amma masu barbaɗa takin gona na buhu, ko yuriya, ko kashin kaji a cikin faranti sun kauce, domin takin gona an yi shi ne ƙasa ta sarrafa shi, a ruwa kuwa yana ƙone saiwa, taki na dabba kuma yana shigo da ƙwayoyin cuta cikin abin da za a ci ɗanye. Ni dai ina ganin ga mai neman ganyen miya kaɗai, sayen ma'adinai da ma'auni domin ƙwayoyi goma bai cancanci kuɗinsa ba. In yana son tsiron ya daɗe, ya dasa shi a tsohon bokiti mai ƙasa da huji a gindi.

Na uku, maganar dafi. Babu dafi a tohon tafarnuwa. Mai yiwuwa tsoron ya samo asali ne daga dankalin Turawa, wanda tohonsa da koren fatarsa suna ɗauke da guba da gaske, aka yi ƙiyasin wannan a kan wancan ba bisa hujja ba. Iyakar abin da yake faruwa shi ne ƙwayar takan rage zaƙi ta ƙara ɗan ɗaci. Wadda ya wajaba a zubar ita ce mai fumfuna ko yauƙi ko wari. Sai dai a kula, tafarnuwa da albasa, ganye da ƙwaya, suna cutar da kyanwa da kare in sun ci.

A ɗaya gefen kuma akwai masu wuce gona da iri wajen yabo, suna cewa ganyen maganin hawan jini ne da ciwon sukari da annoba. Sinadarin da ake yawan ambata, alisin, wanda Chester Cavallito da John Bailey suka fara warewa a 1944, ba ya samuwa sai an yanka ko an daka tafarnuwa, ba ya kuma jure zafi ko daɗewa, ganyen kuwa bai kai ƙwayar ƙarfi ba. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu hujjar cin tafarnuwa yana kare mutum daga cutar korona. Abinci ne mai kyau, amma kada mai ciwo ya ajiye maganin likita dominsa.

Abubuwan da ya kamata a kiyaye a ƙasar zafi

Dabarar ta fito daga ƙasar sanyi, kuma mai ɗauko ta zuwa Kano ko Maraɗi ya wajaba ya san abubuwa biyu da masu ita ba su cika damuwa da su ba. Na farko zafi: gwargwadon ɗumin ruwa, gwargwadon ƙarancin iskar oksijin da yake riƙewa, domin lita guda tana ɗaukar kamar miligiram 9 a digiri 20, ta sauko zuwa kamar 7.5 a digiri 30, alhali a daidai wannan lokaci ne ƙwayoyin ruɓa suke ƙara ƙarfi. Saboda haka abin da yake tafiya lami lafiya a hunturu yana iya ruɓewa cikin kwana uku a bazara. Na biyu, wanda ya fi tayar mini da hankali, sauro. Sauron da yake yaɗa shawara da zazzaɓin dengi ya fi son ƙananan mazubai na ruwa mai tsabta a cikin gida, kuma daga ƙwai zuwa sauro mai tashi bai wuce kwana 7 zuwa 10 ba. Ƙwansa yana manne a jikin mazubi ya jure bushewa, don haka zubar da ruwan kaɗai bai isa ba, sai an goge farantin da soso aƙalla sau ɗaya a mako. Wanda ya san ba zai iya wannan ɗawainiya ba, barin aikin ya fi masa alheri, domin ganyen miya bai kai a saya shi da lafiyar yara ba. Gansakuka kuma takan rufe ruwan da haske yake ratsawa, maganinta mazubi mai duhu.

Ta fuskar shari'a, ya tabbata a cikin ingantattun hadisai an hana wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa ko albasa kusantar masallaci har warin ya gushe, malamai kuma sun bayyana cewa illar hukuncin ita ce cutar da mutane da mala'iku da wari, shi ya sa dafawa take sauƙaƙa shi. Tun da yake illar wari ce, ɗanyen ganyen da aka zuba a kwaɗo yana shiga ƙarƙashinta gwargwadon warin da ya bari a baki, ko da yake nasa bai kai na ƙwayar ba.

Abin da za a iya tsammani

Ba a tsammanin wannan dabara ta taɓa kasuwar tafarnuwa ko ta rage wa manomin rani ciniki, tun da kowane faranti daga tafarnuwar da manomi ya noma yake farawa. Fa'idarta tana cikin gida: tafarnuwar da da an zubar ta koma ganyen miya, a sami ɗan kore a watannin da lawashi yake tsada, malamin firamare kuma ya samu gwajin da yara za su ga saiwa da toho da idonsu cikin mako guda da abin da bai wuce ƙwaya biyu da kwalba ba. Idan kuwa jama'a suka saba da ɗanɗanon ganyen har suka fara nemansa a kasuwa, masu lambu ne za su fi cin moriya, domin suna iya shuka ƙananan ƙwayoyin da ba su da daraja a matse, su tuge su da ganyensu bayan 'yan makonni, su ɗaure su kamar yadda ake ɗaure lawashi. Mai gidan da yake son kada ganyen ya yanke masa sai ya tanadi faranti biyu ko uku, ya jera ƙwayoyin kowanne mako guda bayan na gabansa, ya fara daga Nuwamba lokacin da sanyi yake taimakonsa, idan bazara ta kama kuwa ya mayar da su cikin bokitin ƙasa a inuwa.